Neman shawara: ƙaramin lens mai otofokas da zan ɗora wa Sony a6400

Abba_Gwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto da masu yi don sha'awa, da fatan kowa yana lafiya, ya aiki ya kasuwa.

Dan Allah shawara nake nema a kan lens. Sony a6400 nake riƙe da ita, kuma babban abin da ya sa na zaɓe ta na bar manyan kyamarorin DSLR masu madubi a ciki da aka yi ta tallata min shi ne ƙanƙantarta, giram 403 ce duka har da batir da kati, ka riƙe ta a hannu ɗaya ka wuni kana yawo ba ka ji komai ba. Lens ɗin da nake aiki da shi kullum Sigma 30mm f/1.4 ne, kuma kar wani ya ɗauka kushe shi zan yi, wallahi hotonsa ba magana, ko a wajen dina da daddare yana fitar da ni kunya. Sai dai tsayinsa ya haura milimita 70, nauyi giram 265, in ka ƙara masa hud, wato abin kare rana na bakin lens, kuma shikenan kyamarar nan da na saya don ƙanƙanta ta zama zungureriya, dole sai da jaka, in kuwa sai da jaka to rabin fitar da nake yi a gida nake barinta.

Ni abin da nake so yanzu ba na aikin biki ba ne, na biki ina da shi. So nake in samu wanda zan ɗora in jefa kyamarar a aljihun gefe na kaftani in shiga cikin gari, Kurmi, marinar Ƙofar Mata, lungunan bayan Dala, in ɗauki masu sana'a da tsofaffin gine-ginen nan da ake ta rushewa a kan idonmu. Kuma duk wanda ya taɓa yin irin wannan yawon ya san halin mutanenmu, ko ka yi sallama ka nemi izini, da zarar an ga dogon lens sai a fara daga wace jarida kake, ina za a kai hoton, mutum ya sandare ya gyara hula, abin da ka gani ya ba ka sha'awa ya tafi.

Ina da 16-50 ɗin da ya zo da ita, shi kam ƙarami ne giram 116, amma a ƙarshen zum f/5.6 yake komawa, a cikin rumfunan Kurmi da duhun nan ba ya isa ta, ga shi sai ka kunna ka jira ya miƙo tukuna.

To sharuɗɗana ga su, dole ya zama mai otofokas, wato mai saita fokas da kansa, tsayinsa kar ya wuce milimita 40 in da hali, tsakanin 20mm zuwa 35mm, kar ya gaza f/2.8, kuma kuɗin ya zama na talaka don kun san yadda dala take. Sannan akwai tambayar da take damuna tun tuni. Ƙananan lens na manuwal, waɗanda ake murɗa fokas ɗinsu da hannu, ga su nan birjik, su 7Artisans su Meike, wasu ma f/1.4 ne amma ka dunƙule su a tafin hannu, to me ya sa da an ce otofokas sai abu ya kumbura? Ba cewa aka yi in an cire madubin cikin kyamara komai zai ragu ba? Masana a taimaka.

Kawu_Situdiyo:

Wa alaikumus salam Abba. Tambayarka ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, don in ka gane ta kai da kanka za ka san abin da za ka saya, saboda haka da ita zan fara.

Lambar nan ta f lissafi ce kawai. Ka ɗauki milimitar lens ka raba da ita, abin da ya fito shi ne faɗin ƙofar da haske yake bi. Sigma ɗinka 30 raba 1.4, kusan milimita 21 kenan. Lens 20mm f/2.8 kuwa milimita 7 kacal. Ka ga tun daga nan gilasan ɗaya dole su ninka na ɗayan, kuma duk sanda ƙofa ta yi faɗi hasken da ke bi ta gefen gilashi yana kawo ɓaci a hoto, sai an ƙara wasu gilasan a gyara, kowane gilashi kuma da nauyinsa da wurin zamansa. Waɗancan na manuwal da ka gani f/1.4 ƙanana, ba wani sirri suka gano ba, gyaran ne suka rage, shi ya sa in ka buɗe su duka gefen hoto yake laushi da duhu.

Maganar madubi kuma gaskiya aka faɗa maka amma rabi. A Canon EF daga bakin kyamara zuwa sensa, wato ɗan allon da ke kama hoto a madadin fim, milimita 44 ne, a Sony E milimita 18. Jikin kyamara ya rage 26, ba musu. Amma lens irin 40mm ko 50mm yana buƙatar gilasansa su tsaya nesa da sensa ko da madubi ko babu, to wancan filin da aka cire daga jiki sau da yawa cikin bututun lens yake komawa. Dubi Canon EF 40mm f/2.8 na 2012, kaurinsa bai kai milimita 23 ba, amma Sony FE 40mm f/2.5 G na 2021 milimita 45 ne duk da ana kiransa ƙarami. Wannan ne ma ya sa nake hana yara sayen adafta don su ɗora fankek ɗin Canon, wato siraran lens irin 40mm ɗin nan, a kan Sony, adaftar kanta milimita 26 ce, ka dawo inda ka baro.

Sai sensa. Mu da muka fara da fim mun san fim ba ruwansa da ta inda haske ya zo, ko a karkace ya faɗo zai kama. Sensa ba haka take ba, akwai gilashi a samanta kuma kowane ɗigo nata yana son haske ya shigo masa kusan a miƙe, in lens ya matso kusa sosai hasken gefe yana zuwa a kwance sai kusurwoyi su yi duhu ko su dishe. Masu ƙira dole su miƙar da shi, nan ma ƙarin gilashi ne.

Na ƙarshe shi ne otofokas ɗin kansa. Akwai mota a ciki, da allon lantarki, da wani abin da ke motsa afacha, wato ƙofar hasken nan, tunda kyamara ce ke ba shi umarni. Fokas mai sauri marar ƙara ana samunsa ne in an ware ƙaramin gilashi marar nauyi a tsakiya shi kaɗai yake kai da komowa, shi kuma sai an bar masa hanya a ciki. Da yawan fankek babu wannan filin, sai motar ta tura tarin gilasan gaba ɗaya, dalilin da ya sa wasunsu suke ɗan jinkiri da ɗan gurnani kenan. Ƙanƙanta sosai da haske sosai, taura biyu ce ba ta taunuwa, sai ka zaɓi wadda za ka fara sawa a baki.

Yanzu ga abin da ke akwai a bakin Sony E. Sony E 20mm f/2.8 na 2013, giram 69, kauri kusan milimita 20, a kyamararka zai ba ka faɗin 30mm na ful firem, wato babbar sensa mai girman fim, tunda sensarka ana ninkawa da 1.5. Wannan shi ya fi cika sharuɗɗanka a takarda. Akwai yayansa 16mm f/2.8 da ya fito tare da kyamarorin Sony NEX na farko a 2010, yana da araha a na hannu amma an san shi da laushin kusurwa, ga shi ya yi faɗi da yawa wa hoton mutane, ban ba ka shawararsa ba. Akwai Samyang AF 35mm f/2.8, na ful firem ne amma yana hawa taka lafiya lau, wajen giram 85, tsayi milimita 33, zai zama kamar 52mm. Zeiss 35mm f/2.8 na Sony giram 120 ne, mai kyau ne ƙwarai amma kuɗinsa ba na talakan da ka ambata ba ne. Sai 'yan China da suka shigo da ƙarfi, TTArtisan AF 27mm f/2.8, wannan na bar wa waɗanda suka riƙe shi su yi bayani. Ka gode wa Allah ma Sony ka saya, tun 2011 suka buɗe wa sauran kamfanoni bayanan bakin E, shi ya sa kuke da zaɓi haka.

In don lungu da gine-gine ne ni 20mm zan ɗauka. Lungunan cikin birni ba su da wurin ja da baya.

sadiq_lens:

bros ni banga abin wahala ba anan, kasayi manuwal kawai 25mm ko 35mm ka kunna fokas pikin dinnan mai jan layi, sati daya hannunka ya saba. kudin otofokas daya zai siya maka manuwal biyu harda canji, kuma karfe ne zalla ba roba ba babu motar da zata mutu maka. ada can da babu otofokas ai anyi hoto ko ba haka ba kawu

Abba_Gwale:

Kawu Allah ya ƙara girma, wallahi yau na fahimci abin, musamman maganar milimita 26 ɗin nan, dama akwai wanda yake ta zuga ni in sayi adafta.

Sadiq na gode ɗan uwa, amma ka duba, a6400 abin da ta fi shahara da shi kenan, maki 425 na fokas da bin ido, kuɗin da na biya rabinsa na wannan ne, in na ɗora manuwal na kashe shi gaba ɗaya. Sannan mai rini yana tsoma zane yana ɗagowa, maƙeri yana duka, yaro ya gifta da tire a ka, ba wanda zai tsaya in murɗa zobe. Wani lokacin ma daga ƙugu nake ɗauka da allon a ɗage, hannu ɗaya. Manuwal yana da wurinsa amma ba a wannan aikin ba.

Maman_Ilham:

Salam. Malam Abba ni ta wani ɓangaren zan zo maka, don ina ganin kowa ya tafi kan awon tsayi an manta da haske.

Ni aikina cikin gida ne, kamu, sa lalle, walima, wuraren da ba a barin maza su shiga, da Sony ZV-E10 nake yi, bakinsu ɗaya da taka kuma ita ma kamar taka ba ta da abin hana girgiza a jikinta. Wannan maganar ka riƙe ta da kyau. Duk fankek ɗin da Kawu ya lissafa babu mai OSS, wato abin hana girgiza na cikin lens, a cikinsu, kenan a wuri mai duhu ba lens ne zai taimake ka ba ba kuma jiki ba, sai dai ka ɗaga ISO, wato ka ƙara wa sensa ƙarfin jin haske, shi kuma yana kawo yashi a hoto. Daga f/1.4 ɗin da ka saba zuwa f/2.8 hasken ya ragu ninki huɗu fa, ba kaɗan ba, inda kake ɗauka a ISO 1600 yanzu sai 6400. Kai da kanka ka ce cikin rumfunan Kurmi akwai duhu, to ka yi wannan lissafin tun kafin ka fitar da kuɗi, kar ka saya ka zo kana cewa hoton ya yi yashi.

Shi ya sa ni wanda ba na cirewa shi ne Sony E 35mm f/1.8 OSS. Giram 154, tsayi milimita 45, na san ya ɗara sharaɗinka da milimita 5 amma ka ajiye shi kusa da Sigma ɗinka ka gani, kusan milimita 30 ya rage maka da fiye da giram 100. Fokas ɗinsa a ciki yake motsi, ba ya miƙowa ba ya ƙara, in ina bidiyon amarya ana mata nasiha ɗaki ya yi tsit makirfon ba ya kama komai daga lens. In an ɗauke wuta ana haska fitilar waya ma ina samun abin da zan ba mutane. Kuma filtarsa 49mm ce iri ɗaya da ta 20mm ɗin da Kawu ya ce, in ka tara su biyun nan gaba filta ɗaya ta ishe ka.

Inda zai ba ka matsala shi ne ƙunci, kamar 52mm yake, a ɗakin amarya in ƙawaye suka jeru sai na manne da bango, wani lokacin in fita bakin ƙofa. Tunda ka saba da 30mm za ka ji ya ɗan matse ka kaɗan. Akwai kuma Viltrox 25mm f/1.7 cikin sababbin nan nasu marasa nauyi, wajen giram 170, shi ya fi faɗi kuma kuɗinsa da sauƙi, sai dai ba OSS kuma ba zai shiga aljihu ba.

Maganar aljihun ma ni ban cika yarda da ita ba, ka yi haƙuri. Kyamara giram 400 da ɗoriya a aljihun shadda za ta ja rigar gefe guda, ga robar idon nan ta baya tana kama zare, ga ƙurar aljihu da ɓawon gyaɗa. Ƙaramar jakar rataye irin ta 'yan makaranta wadda ba ta yi kama da jakar kyamara ba ta fi, ni a jakar hannuna nake sawa cikin wani ɗan zane, ba wanda ya san da ita sai na fito da ita. In ka yarda da jaka ƙarama to milimita 45 ba komai ba ne.

Kuma na ji daɗi da ka ce kana neman izini. Wasu ƙaramin lens suke nema don su saci hoton mutane, musamman mata a kasuwa, su watsa a Instagram, wannan ba sana'a ba ce. Allah ya sa mu dace.

Dan_Maradi:

Salamu alaikum, ina gaisuwa ga kowa, Kawu ina wuni, Hajiya sannu da aiki.

Tunda Kawu ya ce waɗanda sunka riƙe TTArtisan 27mm su yi magana, to ga ni. Ni Fuji ni ka aiki da ita, kuma objektif ɗin ga, wato lens ɗin, a bakin Fuji ya fara fitowa a 2022 kafin su yi na Sony da na Nikon Z, gilasan duka iri ɗaya ne baki ne kawai ya bambanta. Bai kai giram 100 ba, tsayi wajen milimita 30, shina da zoben afacha a jiki wanda ni abin ga yana burge ni ƙwarai don ba sai ka shiga menu ba. A wajenka zai ba ka kamar 40mm, kuma wallahi faɗin ga shi ne daidai ga yawon gari, bai yi faɗin 20mm ba da zai ja hancin mutum in ka matso, bai kuma matse kamar 35mm ba. Tunda idonka ya saba da 30mm ba za ka ji baƙunta ba ko kaɗan, da ka ɗaga za ka san inda za ka tsaya.

Halinsa da kowa ya sani, in ka buɗe shi f/2.8 kusurwoyi suna duhu sosai, sai ka rufe zuwa f/5.6 ko ka gyara a Lightroom, kuma ba ya son rana ta dube shi ido da ido. Ba ya matsowa kusa da abu ƙasa da santimita 35, kenan in kana son ɗaukar zanen aikin fata ko ɗinkin hula kusa-kusa ba nashi ba ne. Wani abu kuma, marfin bayansa shina da ramin USB, ta nan a ka sabunta manhajar cikinsa, saboda haka in na hannu za ka saya ka tabbata an ba ka marfinsa na asali, mutane da yawa ba su sani ba su kan musanya shi da wani.

Na ga ba wanda ya ambaci Viltrox 28mm f/4.5 na 2024. Wanga shi ne ƙarshen ƙanƙanta, giram 60, kauri wajen milimita 15, kuma otofokas ne, da ɗan marfi a jiki da ka ka turawa da yatsa. Dala 99 anka sa mishi da ya fito. Amma afacha ɗinsa guda ce tak f/4.5 ba ta buɗuwa ba ta rufuwa, babu zoben fokas na hannu, kuma in ka gwada da f/1.4 naka hasken ya ragu kusan ninki 10. Ga rana tsaka a fili lahiya lau, mu nan rana ba ta yi muna ƙaranci ba, amma cikin rumfa a'a. Na faɗe shi ne don ka san da shi, ba don ya cika sharaɗinka ba.

Sai ƙura. Mu da ku duka hunturu guda mu ka sha. Kyamarorin ga marasa madubi da ka cire objektif sensa tana nan tsirara dab da baki, ba abin da ya kare ta. Ƙananan ga kuma kusan dukansu ba su da robar hana ƙura. To ka zaɓi guda tun daga gida ka ɗaura, kada ka canza a titi, ka sa mishi filta mai kariya, ka riƙe ɗan famfon iska a jaka. Na TTArtisan filta 39mm ya ka ɗauka, ba a cika samunta a kasuwa ba, ka haɗa odarta tare.

Injiniya_Bichi:

Ni dai zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. In ƙanƙanta ce gaba da komai a wajenka, sensar ce za ka rage, don girman lens yana bin girman da'irar hasken da zai rufe sensa. Shi ya sa har gobe babu wanda ya kamo Micro Four Thirds, tsarin kyamarori masu sensar da ta fi taka ƙanƙanta, a wannan fagen. Panasonic 20mm f/1.7 tun 2009 yake, na biyunsa giram 87, kauri wajen milimita 25, ga f/1.7 ga ƙanƙanta, daidai da 40mm yake bayarwa. 14mm f/2.5 nasu giram 55. Har zum ɗinsu 12-32 giram 70 ne. Ka samu kyamarar Panasonic GX85 ta hannu wadda take da abin hana girgiza a jiki, maganar Maman Ilham ta OSS ta warware kenan. Amma in yi adalci, shi 20mm ɗin yana cikin masu tura gilasai gaba ɗaya da Kawu ya faɗa, fokas ɗinsa ba ya sauri kuma ba a bin abu mai motsi da shi, sannan ƙaramar sensa ta fi saurin yashi a duhu, abin da ka samu a f/1.7 ka mayar da wani ɓangarensa a nan.

Canon ma sun taɓa yin abin da kake nema sak, EF-M 22mm f/2, giram 105, kauri bai kai milimita 24 ba, a kan kyamararsu M50 abin sha'awa. Wannan ya nuna f/2 a fankek na APS-C, wato sensa irin girman taka, mai yiwuwa ne in kamfani ya ga dama, sai dai sun daina layin M ɗin, kuma lens ɗin ba ya hawa sababbin kyamarorinsu masu bakin RF. Nikon sun fito da 26mm f/2.8 a 2023, Canon da RF 28mm f/2.8 a shekarar, Fuji suna da 27mm f/2.8 tun 2013 suka sabunta shi a 2021. Kowa ya tsaya a f/2.8, ka ga ba Sony kaɗai ba ne.

Wanda kuma yake son aljihu na gaskiya, Ricoh GR III, sensa APS-C kamar taka, duka kyamarar da lens giram 257, ba ta kai nauyin Sigma ɗinka shi kaɗai ba. Suna iya haka ne saboda lens ɗin ba ya cirewa, yana nutsewa cikin jiki in an kashe. Kuɗinta ne dai sai a hankali.

Abba_Gwale:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya maganarka gaskiya ce amma canza kyamara yanzu ba zai yiwu ba, da ita nake cin abinci ranar Asabar da Lahadi, batira da fulas da komai na Sony ne.

Hajiya lissafin ISO ɗin nan ya tsaya min a rai. Abin da na yanke shi ne kafin in sayi komai zan rufe Sigma ɗina a f/2.8 in shiga Kurmi da shi haka, in hoton cikin rumfa ya yi min to 27mm ɗin da ɗan uwana na Maraɗi ya bayyana zan nema don faɗinsa ya fi kusa da abin da na saba, in bai yi ba na haƙura da aljihu in nemi 35mm OSS da ƙaramar jaka. 20mm ɗin Kawu kuma zan gwada faɗinsa da 16-50 in tsayar da zum a 20 in gani.

Kawu tambaya ɗaya ta rage, akwai wani da ya ce yana da tsohon Sigma 30mm f/2.8 DN na hannu zai sayar min da arha, amma da na girgiza shi sai na ji wani abu yana ƙwas-ƙwas a ciki. Lalacewa ce?

Kawu_Situdiyo:

Gwajin nan da ka ce za ka yi da lens ɗin da ke hannunka shi ne daidai, ka yi shi da la'asar sakaliya lokacin da rumfa ta fi duhu, kar ka yi da hantsi ka ruɗi kanka.

Wancan ƙarar ba lalacewa ba ce. Sigma 19mm da 30mm da 60mm f/2.8 DN duka haka suke, gilashin fokas ɗinsu a sake yake in babu wuta, maganaɗisu ne ke riƙe shi, da ka ɗora a kyamara ka kunna sai ya kame ƙarar ta ɗauke. In ka kunna ka girgiza a hankali har yanzu yana ƙara, to nan ne akwai magana. Lens ne mai kaifi, wajen giram 140, tsayi kusan milimita 40, dab da sharaɗinka, kuma an daina yin sa sai a na hannu. Abin da za ka sani shi ne tsohon ƙira ne, fokas ɗinsa mai sauri a tsakiyar hoto ya fi aiki, in mutum ya koma gefe bin idon da kake taƙama da shi ba zai yi ƙarfi kamar a f/1.4 ɗinka ba. Tunda mai shi yana kusa da kai ka roƙe shi aron yini ɗaya ka gani da idonka.

Kowanne dai za ka saya na hannu ka tafi da kyamararka, kar ka yarda da gwaji a ta mai kaya. Ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba, ƙura 'yar kaɗan ba komai, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo ko hazo a jikin gilashi ka ajiye, fumfuna ce, kayan da suka zauna a Legas ko Fatakwal suna yawan yin ta saboda laima kuma tana yaɗuwa. Ka duba 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinare na baya kar su zama sun goge ko sun yi tsatsa. Ka sa a f/16 ka danna ka ga ganyen afacha suna rufewa suna buɗewa ba lanƙwasa ba maiƙo. Sannan ka samu bangon bulo ka tsaya daidai gabansa ka ɗauka a buɗe duka, ka zuƙo kusurwoyi huɗun a allo, in ɗaya ta fi sauran dishewa sosai to lens ɗin ya taɓa faɗuwa ko gilashinsa ya goce, ƙananan nan ba su jure faɗuwa kuma gyaransu a nan sai a hankali. In oda za ka yi daga waje ka karanta da kyau ka ga an rubuta bakin E, don TTArtisan ɗin nan hotonsa na Fuji da na Sony kusan iri ɗaya ne a shafin masu sayarwa, mayar da kaya China kuwa ka san ba ƙaramin aiki ba ne. In ka yi gwajin Kurmin ka ɗoro mana hotunan a nan da ISO ɗin kowanne mu duba tare.